Madanni Mai Jan Ɗigo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba. Amma fafutukar da na yi da bayan talabijin ɗin Babanmu a gidanmu na Malali, ita kam tare za a binne mu. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ce me ke cikin wayoyi uku, ja da fari da rawaya, da har mace mai 'ya'ya za ta riƙa ba da labarinsu bayan shekaru. Ba na ganin laifinsu. Ni ma da ba a kaina abin ya faru ba, da na fi kowa dariya.

Ni ce auta a gidanmu, kuma kowa ya san ni da taurin kai. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mutum mai tsari wanda ko takalminsa aka gusar sai ya gane. Umma kuwa ba ta yi boko ba. Daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau aka auro ta, ta zo Kaduna da al'adun gidansu, zaman birni bai rage mata ko ɗaya ba. Babbar cikinsu ita ce kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan babban yayanmu ba, sai dai ta ce "yayanku". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In ba shi da lafiya, ta dama kunu ta ba ni in kai masa, ta ce kada in kuskura in faɗi wanda ya dama. Shi kuma Yaya mutum ne mai barkwanci, sai ya riƙa tsokanar ta da gangan, ya zauna daidai inda take kallo, ta juya, ya sake komawa can, har sai ta ɗauki mafici ta kore shi tana ɓoye murmushi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da yaran, gidanmu ya yi shiru. A zaman makoki Umma ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Mata suna ta yabon ta, suna cewa wannan baiwar Allah akwai tawakkali. Mu ma 'ya'yanta muka yarda da haka, muka mai da hankalinmu kan Baba wanda shi kukansa a fili yake.

Akwai kaset ɗin bidiyo na bikin auren Yaya, tun zamanin da mai ɗaukar hoto ke yawo da ƙatuwar kyamara a kafaɗa. A da, duk lokacin da baƙi suka zo aka sa shi a tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙaton baya, Umma ba ta shiga falo. A bakin ƙofa take zama da faranti, tana tsince tsakuwa a wake, ta ba talabijin rabin baya. Ba wanda ya taɓa tunanin kallo take yi. Yanzu in na tuna, waken nan kan daɗe bai gama tsintuwa ba.

Bayan rasuwar da 'yan watanni, yayana na biyu ya zo daga Abuja da sabuwar talabijin, siririya, wai don Baba ya samu abin ɗebe kewa. Aka kira mai haɗawa ya kafe ta can sama a bango, aka bai wa wani ɗan'uwanmu tsohuwar. Matsalar ita ce sabuwar, duk kyanta, wurin shigar wayoyin nan masu launi uku guda ɗaya tak gare ta. Akwai wani siririn rami a gefe da bai dace da kayanmu ba, sai kuma ramin eriya. Mai haɗawa ya soka wayoyin dikoda mai kamo tashoshi a wurin nan ɗaya, ya naɗe na na'urar bidiyo ya ajiye a kanta a ƙarƙashin tebur, ya ce ai yanzu an daina yayin kaset. Ba wanda ya musa. A ranar Baba ya kafa doka: ba mai taɓa bayan talabijin. Rimot kuwa a aljihun rigarsa yake kwana yake tashi, tun da jikoki suka taɓa jefa masa na tsohuwar a randa. Wanda ke son kallo ya kunna soket na bango, ya kalli tashar da Baba ya bari.

Ina aure a Unguwar Shanu, ba nisa, don haka ina yawan leƙawa. A hankali na ga Umma tana ramewa. Ta zuba abinci ta yi loma biyu ta rufe. An kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ba wani ciwo, a dai sa mata ido. In na tambaye ta sai ta ce, "Tsufa ne, Auta, ke ma zai zo miki." Wata rana 'yan gwangwan suka zo wucewa, na ɗauko bidiyon nan zan ba su don ya cika mana wuri. Umma da ba ta ɗaga murya ta ce, "Ajiye. Abincin wa yake ci?" Na ajiye, na ɗauka rowar tsofaffi ce kawai.

Ranar da idona ya buɗe, da hantsi na je ba tare da na sanar ba. Baba ya fita majalisarsu ta 'yan fansho, ƙofa a buɗe. Na shiga falo, sai ga Umma a tsaye a kan kujerar tsugunno, kujerar kuma a kan tebur, ta tura hannu bayan talabijin tana laluba, wayoyin bidiyo na lilo a ɗaya hannun. Matar da gwiwarta ba ta barin ta yin sujada sai a zaune. Kujerar na rawa. Na ruga na riƙe ta.

"Umma, me kike yi a nan sama?"

"Yanar gizo nake sharewa," ta ce, ta saki wayoyin kamar sun ƙone ta. "Gidan nan in ban yi ba ba mai yi."

Ba tsintsiya a hannunta, ba tsumma. Na sauko da ita ta wuce kicin ba ta kalle ni ba. Na durƙusa na danna bidiyon, ya turo kaset. Na bikin Yaya ne. Na zauna daɓas a ƙasa, raina ya ɓaci ƙwarai, da kaina da duk 'yan gidanmu. Mun ɗauke mata hanya ɗaya da take ganin ɗanta, muka kafe ta a bango inda hannunta ba ya kaiwa, muna murna mun yi abin kirki. Kuma na san Umma: za ta sake hawa kujerar nan gobe, in kuma ta faɗo a kan tayil ba mai jin ta. A wurin na ƙudura cewa ko me za a yi sai bidiyon nan ya yi aiki.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne mafi sauƙi. Na hau tebur, na cusa hannu tsakanin bango da talabijin har ƙarfen da ke riƙe ta ya karce ni, na zare wayoyin dikoda na soka na bidiyo. Hoto ya fito, ga kiɗan biki, ga Yaya cikin farar babbar riga. Na ƙwala mata kira cike da jin na yi bajinta. Ta leƙo, ta ga abin da ke kai, fuskarta ta rufe nan take. "Tukunyata na kan wuta," ta ce, ta juya. Ba ta sake fitowa ba sai da na kashe na mayar da wayoyin dikoda, kuma har na tafi ba ta yi mini magana ba. Da na dawo washegari kaset ɗin ba ya falo, ya koma cikin adakarta.

A hanyar komawa gida, cikin keke mai ƙafa uku, na gane inda gizon yake: ba haɗa waya ce matsalar ba. Duk hanyar da za ta sa Umma ta nemi wani, ko wani ya san tana kallo, ba hanya ba ce a wurinta. Gara ta rame ta ƙare da ta buɗe baki ta ce a sa mata ɗan farinta.

Na ba maigidana labari. Shi mutum ne mai son gajeriyar hanya, ya ce, "To a juye kaset ɗin a wayar hannu mana, a ba ta." Na ce wayarta mai madannai ce, kuma miƙa mata waya daidai yake da cewa ga ɗanki nan, kalla. Ya ce a saya mata ƙaramar talabijin a ɗakinta. Na ce ranar da aka shigo da ita kowa zai tambayi dalili, jikoki su tare a ɗakin, ita kuma ta sa a fitar. Dole a falo abin zai kasance, inda take da hujjar shiga ta yi shara. Dole kuma ya zama ba hawa, ba rimot, ba tambaya. Ya kalle ni ya ce, "Ke kam in kika sa abu a gaba, sai dai mutum ya matsa gefe." Na ce masa to ya matsa.

Na shiga kasuwa wajen masu kayan lantarki. Wani saurayi mai zaƙin baki ya ba ni wayoyi masu reshe biyu, ya ce in soka gindin a talabijin, reshe ɗaya dikoda, ɗaya bidiyo, shi ke nan an gama. Har da rantsuwa. Na zo da ɗokina lokacin da Baba ba ya nan na haɗa, na gwada da wani tsohon kaset ɗin tafsiri, dikoda a kashe. Hoto ya ɗan yi duhu amma ya fito. Na ce alhamdu lillahi, na zauna jiran yamma kamar ban yi komai ba.

Baba ya dawo ya zauna a kujerarsa don labaran yamma, aka kunna komai. Wayyo. Mai karanta labarai ya fara hawa sama yana fita ta ƙasa, kansa a wuri ɗaya, wuyansa a wani, ga shuɗin bidiyo na ratsa shi, ga wani ƙugi kamar injin markaɗe. Ashe na'urorin biyu turo nasu suke a lokaci ɗaya, suna kokawa a rami guda. Baba ya cire tabarau a hankali, ya ajiye a hannun kujera.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, Baba."

"Ke ce. Da aurenki da 'ya'yanki, ki baro gidanki ki zo ki hau mini tebur. Abin da na hana ke nan ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"To mayar da shi yadda kika same shi, kuma daga yau ko inuwarki kada ta kai bangon nan."

Na hau na mayar, kunnuwana na zafi. Umma na bakin ƙofa, na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faranti. Wannan tsayawar ta fi faɗan Baba yi mini ciwo, don na san ta ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ba ta ƙare ba. Na koma wajen masu gyara ina tambaya. Wani ya ce a bi ta ramin eriya, wani ya ce akwai na'urar da ke mayar da wayoyi uku su shiga siririn ramin nan. Duka za su yi, amma duka sai an ɗauki rimot an shiga rubutun Turanci an canja mashiga, rimot kuwa na aljihun Baba a majalisa. Na yi kwanaki ina juya abin a raina, har miya na ƙona.

Umma ce da kanta ta ba ni amsa ba ta sani ba. Muna zaune a tsakar gida aka ɗauke wuta, maƙwabcinmu da muke haɗa janareta da shi ya tayar. Ta miƙe da ludayi a hannu, ta je jikin bango ta ture hannun makunnin nan da ke juya gida daga wutar layi zuwa ta janareta, ta dawo ta ci gaba da tuƙi. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta ko kalli abin ba. Na bi ta da ido. Wuta biyu, gida ɗaya, makunni ya zaɓi wadda za ta shiga. Na ce a raina ba yadda za a yi a ce ba a ƙera irin wannan don talabijin ba.

Da wannan bayanin na koma yawo. Na zaga shaguna a cikin gari, na je Kawo, ana ta ce mini an san shi amma an daina kawowa, kowa ya koma kayan zamani. Wani har ya ce, "Hajiya, ki jefar da bidiyon nan ki huta." Na ce masa ba shawara na zo saya ba. A ƙarshe aka kwatanta mini wani mai gyaran rediyo a Rafin Guza, a wani lungu da sai an tsallake kwata ake kaiwa. Dattijo ne mai saurin fushi, ya ce shi bai da lokacin bincike, in ina so ga kwalaye can in duba da kaina. Na tattare mayafi na durƙusa na shiga tono cikin matattun rediyo da kashin ɓera. Can ƙasa na ci karo da shi: ƙaramin baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, bayansa jerin ramuka ja da fari da rawaya, gabansa madannai masu ƙara ƙas in an danna. Ya ce daga wani gidan wasan gem da aka rufe ya samo shi, ba ya ma buƙatar wuta. Na sa ya gwada mini da na'urori biyu a gabana, don na riga na sha rantsuwar 'yan kasuwa. Ya danna wannan, hoto ɗaya. Ya danna wancan, ɗaya hoton, tas, ba rawa ba ƙugi. Wallahi sai da na ji kamar in yi guɗa a shagon mutane.

Saura babban aiki, wato Baba. Ba zan iya sake yi a ɓoye ba, don sai an sauke talabijin an sa dogayen wayoyi. Ba kuma zan iya faɗa masa gaskiya ba, don tona asirin Umma ne. Na tare shi a ƙofar gida yana dawowa daga sallar la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa akwatin.

"Auta, ba na ce kada ki sake ba?"

"Ka ce, Baba. Shi ya sa na zo neman izini. Kaset ɗin tafsirin nan ne ke ta lalacewa a banza. Da wannan, dannawa ɗaya ne, labaranka ba abin da zai same su."

"Wa ke sauraron tafsiri a kaset yanzu? Ga rediyo."

"Akwai mai so."

"Wa?"

Na sunkuyar da kai. Na ƙudura ko zai kwana yana tambaya ba zan faɗa ba, kuma ba zan tashi ba. Na daɗe a durƙushe, har na fara jin gwiwata. Ya karɓi akwatin ya jujjuya, ya danna madannin ƙas, ya sake dannawa. Sannan ya kalli cikin gida, wajen kicin, ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Tafsiri, ko?"

"E, Baba."

"To. A sa shi ƙasa-ƙasa, inda ba sai an yi miƙa ba."

Ranar Asabar da safe ni da maigidana muka sauke talabijin, Baba na tsaye a kanmu yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Muka soka dogayen wayoyi a wurin nan ɗaya, muka sauko da su zuwa akwatin, dikoda ta shiga layi na farko, bidiyo na biyu. Na ajiye akwatin a kan ƙaramin tebur, daidai hannun mai zama a tabarma. Na ciro jan farce daga jakata na ɗiga a kan madanni na biyu. Umma na bakin ƙofa da farantinta, ta ba mu rabin baya.

Sai na shiga koya wa Baba, da murya kamar ina magana da kurma. "Baba, ka ga, a kunna soket. A danna mai jan ɗigon nan. A tura kaset, da kansa zai fara. In ana son a koma baya, ga wannan na hagu a jikin bidiyo. In an gama a danna na farko, labarai su dawo, ba wanda zai san an taɓa." Baba, mutumin da ya shekara talatin yana shugabantar ofis, ya ce bai gane ba in sake. Na sake. Ya ce in ƙara, a hankali, kansa ya tsufa. Na ƙara. Daga bakin ƙofa Umma ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da tarkace." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Daga nan sai jira, kuma jira ba halina ba ne. Duk zuwan da na yi sai na saci kallon teburin. Kaset ɗin tafsiri na nan inda na bar shi, akwatin na kan layin labarai, Umma na nan yadda take. Na fara tunanin ko na yi wahalar banza, ko ma na ƙara rufe ta da garajena na farko. Abu ɗaya ne ya canja. Baba, wanda a da yake fita shiru ya dawo lokacin da ya ga dama, yanzu sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya: "Ni na tafi majalisa. Sai an yi azahar zan dawo, kada a neme ni." Ya ja ƙofar gida da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Wata safiya na biyo da ganyen zogale da na saya mata. Ƙofar gida a saye take, na tura a hankali don hannuna da kaya. Kafin in yi sallama na ji kiɗa ƙasa-ƙasa daga falo, na tsaya cak a jikin taga. Ta gefen labule na hango ta. Ba a bakin ƙofa take ba, ba faranti. Tana zaune a tabarma a tsakiyar falo, ta fuskanci talabijin sosai, ta ɗaga kai.

Na san wurin da kaset ɗin yake. Inda ango da abokansa suka zo gaishe da iyaye ne, mai kyamara na biye da su. Yaya ya durƙusa a ƙofar ɗakin Umma, ita kuma ta ja labule ta rufe fuska, hannunta kawai ake gani. Abokai na dariya, shi ma yana dariya, ya ce, "Haba Umma, yau ɗaya dai, ko sau ɗaya ki kalle ni mana." A kaset ɗin labulen bai motsa ba.

Umma ta miƙa hannu ta danna na hagu, kaset ya koma baya kaɗan, ya sake faɗa. Ta sake mayarwa. A na ukun, da ya ce ki kalle ni mana, sai na ji ta ce, a hankali, "Ga ni ina kallon ka." Ta kuma kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, wanda tun da aka haife ni ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba a zaman makoki.

Na ja da baya da sanɗa, na fita, na saye ƙofar yadda na same ta. Na je bakin titi na zauna a bencin mai shago ina share ido da mayafi, har ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa lafiya lau, tun da nake ban taɓa samun lafiya irin ta yau ba. Da na ga an jima na dawo, na buga ƙofa da ƙarfi, na yi sallama tun daga waje. Na tarar da falo tsaf, akwati a kan layin labarai, Umma a kicin idonta jawur.

"Albasar bana akwai yaji," ta ce.

"Ƙwarai kuwa, Umma."

Ta karɓi zogalen ta duba, ta ce in kwaɗa mana da ƙuli, yunwa take ji. Muka ci a kwano ɗaya, ta cinye nata ta jawo na gabana.

Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita, har yau, kuma ba ta san na tsaya a tagar nan ba. Baba ma bai taɓa tambaya ba, ya dai ci gaba da sanar da fitarsa kullum har ƙarshen rayuwarsa. An canja talabijin a gidan tun daga lokacin, ta yanzu ramukanta sun fi a ƙirga, amma na tabbatar an bar wa akwatin nan wurinsa, kuma ba a buƙatar rimot kafin a kai gare shi. Jan ɗigon kuwa gogewa yake yi, saboda yatsa. Duk lokacin da na ga ya dushe sai in ciro jan farce in sabunta.

Abin da na koya shi ne ba duk mai shiru ne ya haƙura ba, wani hanyar kukan ce aka toshe masa. Kuma in za ka taimaki mutum irin Ummata, kada ka kawo masa taimakon da sai ya buɗe baki ya roƙa. Ka ajiye shi ƙasa-ƙasa inda hannunsa zai kai, ka sa masa alama, sannan ka fita ka ja ƙofa.